Kwamfutata tana da gudu biyu: na hunturu da na bazara

Sana'ata haɗa bidiyon biki. Kamu, wankan amarya, dina, walima, wani lokaci saukar karatu ko naɗin sarauta. Masu kyamara su ɗauko, ni kuma in zauna a shago in yanke, in jera, in gyara launi, in ɗora sauti, sannan in bar kwamfuta ta dafa. Haka muke cewa a shagonmu idan an danna mata fitar da bidiyo: ta shiga dahuwa. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon ɗan layin nan yana rarrafe daga kashi 1 zuwa 100, ga uwar amarya tana ta kira a waya, zai gane abin da ke sa mutum da hankalinsa ya kutsa cikin BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, yana taɓa abin da masu ƙera na'ura suka riga suka saita.

Shagona a saman bene yake a nan Kano, rufin kwano, taga ɗaya. Ku riƙe wannan, domin shi ne labarin gaba ɗaya, ni dai ban gane ba sai da na sha wuya.

A ƙarshen 2021 na sayi kayan 'yan Beljiyam: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7-8700K a kan madabod (allon da komai ke hawa kansa) na Z370, tare da na'urar sanyaya ta ruwa mai fanka 2, wadda mai sayarwar ya rantse mini cewa shekara ɗaya kacal ta yi a hannun Bature. Shi wannan furosesa tun 2017 Intel ta fito da shi, ƙwaya 6 gare shi. A takarda an ce yana kai 4.7 GHz, amma wannan sai idan ƙwaya ɗaya ce ke aiki. Idan aka ɗora wa duka shidan kaya, kamar yadda bidiyo ke yi, a 4.3 yake tsayawa. Harafin K ɗin nan da ke ƙarshen sunansa yana nufin ba a kulle shi ba, kuma madabod mai harafin Z shi ne ke ba ka damar ƙara masa gudu. In babu ɗaya daga cikin biyun, a ɓangaren Intel, sai dai kallo. A ɓangaren AMD abin ya fi sauƙi: yawancin Ryzen a buɗe suke zuwa, kuma madabod mai matsakaicin kuɗi irin B450 ko B550 ya isa.

Lissafin ƙure wa furosesa maleji bai kai yadda ake kambama shi ba. Akwai agogon tushe da ke bugawa 100 MHz, akwai kuma wata lamba da ake ninka shi da ita. Lambar tana 43, ka samu 4.3 GHz. Ka mayar da ita 49, ka samu 4.9. Shi ke nan. Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Duk sanda ka ce ya ƙara sauri, sai ya nemi ƙarin ƙarfin wuta kafin ya iya tsayawa da ƙafafunsa, kuma zafin da yake fitarwa ba ya hawa a hankali kamar yadda saurin ke hawa. Ƙarfin wutar ana ninka shi da kansa ne. Nawa yana shan wajen bolt 1.20 a saitinsa na asali. Da na kai shi 4.9 sai da na ba shi 1.32. Kashi 10 cikin 100 ke nan na ƙarin wuta, wanda idan ya ninka kansa ya zama 21, ka haɗa da ƙarin saurin, sai ka ga zafin ya ƙaru da kusan kashi 38. Saurin kuwa kashi 14 kawai ya ƙaru. Da wani ya zaunar da ni ya yi mini wannan lissafi a lokacin, ba na jin zan saurare shi.

Cikin Disamba na yi aikin, dare uku a jere, ina sanye da rigar sanyi. In sa 47, in bar wuta a 1.25, in ajiye, in tayar da Windows, in kunna Cinebench, manhajar gwada ƙarfin furosesa, idona a kan HWiNFO mai nuna zafi ina kallon digiri. Ya wuce. In koma in sa 48. Ya wuce. A 49 ne shuɗin allon nan da Windows ke nunawa in ta faɗi ya fara yi mini sallama, sai na riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan, 0.01 a kowane zagaye, har ya daina faɗuwa. Na yi kwaɗayin 50, don kawai in ce nawa ma ya taɓa 5 GHz. Ya ƙi. Na ƙara wuta har gabana ya fara faɗuwa, ya ƙi. A wani zagayen ma kwamfutar ta ƙi tashi ɗungurungum, fankoki suna juyawa allo baƙi ƙirin, sai da na buɗe akwatin na zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, na jira 'yan mintuna, na mayar, sannan ta manta da haukata ta dawo hayyacinta. Furosesa iri ɗaya daga masana'anta ɗaya, kamar 'ya'yan mutum ne, uwa ɗaya uba ɗaya amma kowa da halinsa. Na wani ya kai 5.0 cikin ruwan sanyi, nawa rabonsa 4.9.

Masana suka ce sai an bar wata manhajar gwaji, Prime95, ta kwana tana gasa shi kafin a yarda ya zauna daram. Sau biyu ina barin sa, sau biyu ana ɗauke wuta da tsakar dare, in zo da safe in rasa gane ko kwamfutar ce ta faɗi ko wutar ce ta tafi. A karo na uku na haɗa ta da inbata, ta yi awa 6 ba ta yi tari ba, zafi bai wuce digiri 80 ba. Na ce abin nema ya samu. Bidiyon da ke cin minti 40 ya koma cin wajen 35. Har abokan sana'a na kira su zo su gani.

Sai Afrilu ta zo.

Wanda ya san Kano a Afrilu ya san ba sai an yi masa bayani ba: a waje digiri 40 ba labari ba ne, a ƙarƙashin kwano kuwa da azahar har teburi ɗumi yake yi. Kwamfutar da ta yi awa 6 lafiya lau a Disamba ta koma taɓa 95, 98, ta dangana da 100. A nan ne furosesan Intel ke ja wa kansa birki don kada ya ƙone, sai ka ga saurin ya zube ƙasa da ma inda yake kafin ka taɓa shi. Wato na ƙara mata maleji don in rage jira, ga shi da rana tsaka jiran ya fi na da. Rana ɗaya kuma ta faɗi a kashi 80 da wani abu na bidiyon dina mai tsawon awa ɗaya da rabi.

Na zauna ina ta zargin man da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya. Na goge, na sake shafa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya. Digiri 2 ya sauka. Sai daga baya na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko: babu na'urar sanyaya, ta iska ko ta ruwa, da ke ƙirƙirar sanyi. Aikinta kawai ta kwashe zafi daga furosesa ta miƙa wa iskar ɗaki. Idan iskar ɗakin ta ƙaru da digiri 15, furosesa ma zai ƙaru da kusan 15, ko ma fiye, tunda siliki idan ya yi zafi yana ƙara zubar da wuta. Turawan da muke kallo a YouTube suna gwada waɗannan na'urori, a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke yi. Duk lambar da suka nuna, sai ka ɗora mata bambancin ɗakinka da nasu kafin ta zama taka.

Mu nan da an ce ruwa, randa ce ke faɗo mana a rai. Yarona na shago har yanzu bai gama yarda da ni ba. Ya ce, “Maigida, ai ruwa ruwa ne, dole ya fi iska sanyi.” Na ce masa randa tana sanyaya ruwa ne don jikinta yana tsattsafo, iska ta busar da danshin, sanyi ya shiga. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita ke nan a tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Amma ruwan cikin kwamfuta a kulle yake, ba ya tsattsafo ba ya bushewa da gangan. Ɗan'uwansa shi ne lagireton mota: famfo ya turo ruwa ya ratsa kan furosesa, ya ɗauki zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, fanka ta hura, ya dawo. A ƙarshe dai iskar ɗaki ce ke yin aikin. Abin dariyar ma, ita waccan da muke kira ta iska, akwai ruwa a cikinta. Bututan jan ƙarfen nan da ke ratsa ta, kowanne an zuƙe iskar cikinsa an bar ɗan ruwa kaɗan. Zafi ya taɓa gindinsa, ruwan ya zama tururi ya haura sama, ya huce a cikin faifan alminiyam, ya koma ruwa ya gangaro. Ba famfo, ba abin da ke motsi. Duka biyun ruwa ke kai zafi wurin iska. Ɗaya da famfo, ɗaya ba famfo.

Wannan famfon shi ne ya kwance mini zani a kasuwa. A daminar 2023 na fara jin wani ɗan ƙara daga cikin akwatin, ƙulu-ƙulu, kamar mai kurkurar baki. Na share. Ashe alama ce ruwan ya ragu, domin duk yadda aka kulle shi, a cikin shekaru yana ɗan sulalewa ta jikin tiyo, iska ta maye gurbinsa. Ni kuma na ƙara ta'azzara abin da kaina: na ɗaura lagireton a ƙasa-ƙasa, famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen, duk kumfar da ke ciki a kansa take taruwa. Ranar wata Alhamis, ana gobe zan miƙa aikin wani babban biki, na kunna kwamfuta, ko minti ɗaya ba a yi ba HWiNFO ya nuna 100, alhali ban buɗe komai ba. Fankoki suna ta ihu. Na sa hannu na taɓa tiyo biyun: ɗaya da zafi a kusa da furosesa, ɗayan kamar ba a kunna ba. Lagireto sanyi ƙalau. Ruwa ya tsaya.

Hajiya mai bikin ta kira da la'asar. “Ɗana, dangi fa za su koma ranar Asabar, kowa yana so ya tafi da nasa.” Na ce, “In sha Allahu, Hajiya, gobe yana hannunki.” Na ajiye waya ban san da me zan cika wannan alkawari ba.

Na zaga Beirut Road shago-shago. Famfo shi kaɗai ba a sayar da shi, domin irin waɗannan na'urori a haɗe suke zuwa, ba a yi su don a buɗe ba. In famfo ya mutu, gaba ɗayanta ta mutu. Sabuwa kuwa, wanda ke da ita ya faɗi kuɗin da ya sa na yi murmushi na fita, sauran suka ce sai an aiko daga Ikeja, kwana uku ko huɗu. Abin da ya cece ni wata 'yar fankar Intel ce ta tsohuwar kwamfutar ofis, irin wadda ake jefarwa a kwali, da wani mai gyara ya ba ni kusan kyauta. Ramukan ɗaurin mazaunin furosesana, LGA 1151, daidai suke da na tsofaffin 1150 da 1155, don haka ta zauna cif. Na mayar da BIOS saitinsa na asali, na cire murfin gefen akwati, na jawo fankar tsaye ta shago na saita ta tana hura cikin kwamfutar kai tsaye. Da daddare na sa dahuwar, lokacin da gari ya ɗan huce. Tana yi tana jan birki, tana yi tana jan birki, amma kafin asuba ta gama.

A daren nan, ina zaune ina gadin ta ina korar sauro, na canza tambayar da nake yi. Da ina tambaya wacce ta fi sanyi. Yanzu ina tambaya, in ta lalace, yaya take lalacewa, kuma a garin nan wa zai gyara mini kafin gobe? Ta iska ƙarfe ne da fanka. Ƙarfe ba ya mutuwa. Fanka in ta mutu, ko wace mai faɗin milimita 120 ka samu a kasuwa za ta hau, kuma ko babu fanka sam, tulin ƙarfen zai riƙe ka har ka ajiye aikinka ka kashe. Ta ruwa kuwa rana ɗaya take yanke jiki ta faɗi, ba ta ba ka ko minti biyar. Ban taɓa ganin wadda ta yi yoyo da idona ba, kuma na san ba kasafai yake faruwa ba, don haka ba da shi nake tsorata mutane ba. Famfon ne abin tsoro, musamman a 'yar Beljiyam da ba ka san shekarunta na gaskiya ba.

Na sayi ta iska mai hasumiya biyu, Thermalright Peerless Assassin 120, bututu 6, fanka 2. Raina ya so Noctua NH-D15, wadda tun 2014 ake auna sauran da ita, amma kuɗinta ya ninka, kuma tsayinta milimita 165 ne, akwatina ba zai rufu ba. Wannan ma darasi ne: kafin ka saya, ɗauki tef ka auna daga madabod zuwa murfin gefe, ka duba kuma tsayin RAM ɗinka. Ni sai da na ɗan ɗaga fankar gaba sama kafin ta haye nawa. Ɗaura ta kuwa sai da ta yanke ni a yatsa biyu, faifan nan kaifi gare su kamar reza. Da hunturu ya zagayo na sake gwada 4.9: bambancinta da ta ruwan a lokacin ƙuruciyarta bai wuce digiri 3 ko 4 ba.

Sai maganar ƙura, wadda ba ka cika jin ta a bakin masu gwajin ƙasashen waje ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon nan mai laushi kamar garin hoda yana shiga ko'ina. Haƙoran lagireto a matse suke, cikin 'yan makonni sai su yi bargo, kuma kafin ka share shi da kyau sai ka kwance fankoki, wani lokaci har lagireton kansa. Hasumiyar iska faifanta a wawware suke; in cire waya biyu da ke riƙe fanka, in fita da akwatin baranda, in sa bulowa, minti biyar an gama. Abu ɗaya: riƙe fankar da yatsa lokacin da kake hurawa, kada ka bar ta tana juyawa kamar farfela. Kuma kada a kai wa mai faci ya hura da injinsa, kamar yadda na ga wani ya yi. Iskar tankin nan tana zuwa da danshi.

Kada a ce na yi wa ruwa rashin adalci. Akwai inda ya fi. Ruwa yana da haƙurin ɗaukar zafi, yana jimawa kafin ya ɗumama, shi ya sa a aikin da ke zuwa ya wuce cikin daƙiƙu, fankokinsa ba sa ta da murya. Wannan halin ne ma ke ruɗar masu gwajin minti ɗaya. Bar shi ya yi rabin awa tukuna ka ga gaskiyarsa. Manyan furosesa na yanzu kuma, irin Core i9-14900K da Intel ta rubuta masa wat 253, lagireto mai fanka 3 ya fi kowace hasumiya iya riƙe su. Wanda ke da irin wannan, da ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki, da kuɗin sayen sabuwa dal mai garanti, ya sayi ta ruwa, ba ni da ta cewa. Haka wanda ke yawo da kwamfutarsa wurin taro: ƙarfe mai nauyin kilo ɗaya ko fiye yana rataye a jikin madabod, a kan titunanmu masu ramuka, ba abin wasa ba ne. Ni in zan ɗauki tawa, kwantar da ita nake yi a kujerar baya, madabod yana ƙasa.

Shi kansa ƙure malejin, zamaninsa yana wucewa. A 2011, mai Core i5-2500K zai ɗauke shi daga 3.3 ya kai 4.5 da fanka mai araha, ya ji kamar ya sayi sabuwar kwamfuta. Na yanzu tun daga masana'anta an matse su kusan iyaka, suna lura da zafinsu suna ƙara wa kansu gudu. Abin da ya faru a 2024 ya isa ishara, lokacin da Intel ta amsa cewa wasu furosesanta na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta yi musu yawa har suna lalacewa, ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara musu garantin shekara 2. Waɗannan ba wanda ya taɓa su ma. Abokina mai Ryzen 5 5600X akasin abin da na yi yake yi: da Curve Optimizer yake rage masa wuta, furosesan ya huce, shi kuma da kansa ya ƙara gudu. A garin da wutar Band A, rukunin da aka fi bai wa wuta, ta koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, a shagon da rabin yini batirin sola ke riƙe da shi, rage wuta ya fi kama da hankali. Kuma in faɗi gaskiya ko da za ta kunyata ni, ranar da na ƙara RAM na mayar da aikina kan SSD, ma'ajiyar nan mai sauri, saurin da na gani ya fi duk abin da dare ukun nan na Disamba suka ba ni.

Amma ban daina ba, jaraba ce. BIOS ɗina yana ba da damar ajiye saiti da suna, don haka biyu na ajiye. Ɗaya na sa masa HUNTURU: 49, wuta 1.32. Ɗayan BAZARA: 46, wuta 1.22, wanda ko da azahar ɗin Afrilu ba ya kai wa ga jan birki. Damina takan bi na bazara, sai in an kwana ana ruwa in ji ƙaiƙayin hannu. Ba na duba kalanda wajen canzawa. Akwai ɗan ma'aunin zafi na roba da na rataye a ƙusa kusa da taga. Ranar da na shigo da safe na ga ya haura 30, sai in danna Delete tun kafin Windows ta tashi.

Bana ranar ta zo a makon farko na Maris. Yarona yana tsaye a bayana yana kallo na sauke 49 zuwa 46, ya girgiza kai. Yana tara kuɗin haɗa tasa, kuma ya riga ya nuna mini wadda yake so a waya: ta ruwa, fara tas, fanka 3, da fitilu masu canza launi. Na ce masa ya saya, kuɗinsa ne, amma sabuwa, kuma ya ɗaura lagireton a sama. 'Yar fankar Intel ɗin nan tana cikin durowa, na nannaɗe ta a leda, na nuna masa inda take.